Sifika da amfilifaya a manyan baburan tafiya: ina ne kuɗin ya kamata ya fara shiga?

Duk mai babban babur na doguwar tafiya, irin su Street Glide da Road Glide na Harley-Davidson ko Gold Wing na Honda ko Chieftain na Indian, ya san wannan abin haushin. Kana tsaye a gida ka kunna rediyo sauti ras, har maƙwabta suna leƙowa, amma da ka hau babban titi allura ta wuce 100 shi ke nan waƙar ta gudu, sai wani tsiii-tsiii kake ji sama-sama, ka ƙure murya har ƙarshe abin ya koma hayaniya zalla. Daga nan mutum sai ya yanke hukuncin ai wat ne ya yi kaɗan, ya tafi neman amfilifaya mai manyan lambobi a jikin kwali. To gaskiya a nan yawancin kuɗin mutane yake zurarewa, don wanda kake kokawa da shi a kan titi iska ce, kuma iska ba ta tsoron lambar da aka buga a kwali.

A cikin mota akwai gilashi da ƙofa da rufi, sautin yana kulle tare da kai. A babur kuwa fili ne fetal, a gudun kilomita 100 cikin awa ƙarar iskar da ke dukan hular kwano kaɗai tana kaiwa wajen desibel (ma'aunin ƙarfin ƙara) 95 zuwa 100, ga injin, ga salansa musamman in an cire ta kamfani an saka mai ruri, ga tirela a gefenka. Kuma ƙarar iska da ta salansa duk a ƙasa suke, wato a yankin bes, shi ya sa bes ne farkon abin da ke mutuwa. Abin da zai iya ratsowa ya iso kunnenka shi ne tsakiyar sauti, muryar mawaƙi da kayan kiɗan da ke kusa da ita, sai kuma na sama. Wanda ya gane wannan ya riga ya tsira da rabin kuɗinsa, domin ba zai je yana neman bes mai girgiza ƙirji a gudun 120 ba, babu shi, ko nawa ka kashe.

Yanzu lissafin da masu sayarwa ba sa son yi maka. Kunnen mutum ba ya jin wat yadda aljihu yake jin sa. In ka ninka ƙarfi sau biyu, misali daga wat 25 zuwa 50, ƙarin da ka samu desibel 3 ne kacal, za ka ji an ɗan ƙara amma ba wani abin a zo a gani ba. Kafin kunne ya ce maka sautin nan ya ninka sai an ƙara wajen desibel 10, wato ƙarfin ya ninka sau goma, daga 25 sai ka kai 250. Rediyon Boom! Box da Harley ta fara sakawa a 2014 yana ba da wat 25 ne a kowace hanya, wato kowane layin da ke kai sauti ga sifika, to in ka ɗaura amfilifaya mai wat 100 a kowace hanya ka samu desibel 6. Ƙari ne mai kyau, ban raina shi ba, amma ka lura da wannan: akwai wata lamba a takardar sifika da ke nuna yawan ƙarar da take fitarwa in an ba ta wat 1 aka auna daga nisan mita 1. Wata za ka ga 88, wata 94. Tazarar nan ta desibel 6 daidai take da ninka wat sau huɗu, ma'ana sifika mai 94 a kan wat 25 za ta yi ƙara daidai da mai 88 a kan wat 100, ba ka ja wutar batir ba, ba ka ƙara zafi ba, ba ka ja sabuwar waya ba. Shi ya sa ni a ganina wannan lambar ta fi wat ɗin da ke jikin sifikar muhimmanci nesa ba kusa ba, kuma ita ce mutane ba sa ko kallo.

Sai dai a nan ma akwai ɗan wayo. Wasu kamfanonin ba da wat 1 suke aunawa ba, da bolt 2.83 suke yi. A sifika mai om 8 (om shi ne ma'aunin yadda sifika ke turje wa wutar da ke shigarta) wannan wat 1 ne daidai, amma a mai om 4 wat 2 ne, a mai om 2 kuma wat 4. Ka ga ke nan lambar ta kumbura da desibel 3 ko 6 ba tare da sifikar ta fi wata komai ba. In za ka gwada biyu ka tabbata da mudu ɗaya aka auna su.

Wat ɗin kansa iri biyu ne. Akwai RMS, shi ne ƙarfin da na'urar za ta iya riƙewa tana aiki ba tsayawa, akwai kuma wanda ake rubutawa da manyan baƙaƙe, 2000W, 3000W, wani ma ɗan ƙaramin abu kamar sabulu a rubuta masa 5000W. Wannan ka manta da shi kawai. In kana son gane gaskiyar amfilifaya duba fiyus ɗin da ke jikinta ko wanda takardarta ta ce a saka, in na amfiya 20 ne to ka ninka da bolt 14 ka ga 280, kuma ba duka ne zai zama sauti ba wani zai tafi a zafi, to ta ina 3000 za ta fito?

Kafin ma a taɓa waya ɗaya, ni da za a bi ta tawa gilashin gaba za a fara dubawa. Gajeren gilashin nan da ke zuwa a kan Street Glide kyau gare shi a hoto amma iska yake zubo maka a fuska kai tsaye, in ka saka wanda ya ɗan fi tsawo ko mai lanƙwasa a baki wanda ke cilla iskar ta wuce saman kai, sai ka ji kamar an canja maka rediyo, alhali sifikun nan dai su ne. Rage ƙarar iska da desibel kaɗan daidai yake da ƙara wa sauti desibel ɗin, kuma shi wannan kunnenka ma ya huta. Haka salansa, mutum ya saka wadda ake jin ta daga unguwa uku sannan ya dawo yana kukan ba ya jin waƙa, to malam ai kai ka jawo.

Sai sifikun gaba, waɗanda ke cikin rumfar gaban nan ta roba inda mita da rediyo suke. Su ne suke kallon fuskarka, su ne mafi kusa da kunne, don haka nan ne kuɗi ya fi yin aiki. Harley na 1998 zuwa 2013 ramin inci 5.25 gare su, ana samun zoben da ake sakawa a ɗora mai inci 6.5, daga 2014 kuma (Road Glide bai fito a shekarar ba sai 2015) rumfar tana ɗaukar 6.5 kai tsaye. Abin dubawa bayan faɗi shi ne zurfi, don wata sifikar maganaɗisunta ƙato ne ba za ta zauna ba sai an yanka roba. Masu maganaɗisun neodymium sun fi ƙanƙanta da rashin nauyi, kuma nauyi ba ƙaramin abu ba ne a Street Glide da Electra Glide tunda rumfarsu a jikin kan babur take, duk abin da ka cusa a ciki hannunka ne zai juya shi. Ta Road Glide a jikin firam take a kafe, ita ba ta da wannan damuwar sosai.

Kada kuma a ɗauko sifikar mota mai kwalin takarda a liƙa. Babur yana shan ruwan sama, yana shan rana, yana shan wanki. A nemi wadda aka yi don babur ko jirgin ruwa, kwalinta na roba, bakinta na roba, tsakiyarta a rufe. Mu nan ma har da ƙurar hunturu, wadda in ta samu kafa ta shiga tsakanin koyil da maganaɗisu za ka fara jin ƙarar gurzawa, daga nan sai jefarwa. Kamfanonin da suka yi suna a harkar akwai Rockford Fosgate, wanda tun 2021 ita kanta Harley take haɗa kayan sauti da su, akwai Hertz da JL Audio da Kicker da Hogtunes da sauransu. Suna kaɗai dai ba ya isa tunda jabu ya cika kasuwa.

Maganar om kuma nan ne ake yawan ƙona kaya. Rediyon Harley daga 2006 sifiku masu om 2 aka haɗa shi da su. In ka cire su ka saka masu om 4 ba tare da amfilifaya ba, rediyon zai ba su kusan rabin ƙarfin da yake bayarwa da, sai mutum ya sayi sifika mai tsada ya ji sautin ya ragu ya ce an cuce shi, alhali ba a cuce shi ba, haɗin ne bai dace ba. In ba ka da niyyar saka amfilifaya yanzu to ka nemi masu om 2. In za ka saka, ka duba mafi ƙarancin om da ta yarda da shi. Sifika biyu masu om 4 in aka haɗa su a hanya ɗaya, jan waya da ja, baƙa da baƙa, sun koma om 2, biyu masu om 2 kuwa sun koma om 1, kuma amfilifayar da ba a yi ta don haka ba za ta yi zafi ta riƙa ɗaukewa a tsakiyar hanya, wata ran ta ɗauke ba ta dawo ba.

Ita amfilifayar, a babur kusan babu zaɓi sai mai aji D. Tsofaffin nan masu aji AB wajen rabin wutar da suke ja zafi take zama, su kuwa masu aji D suna mayar da kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari sauti, ga su ƙanana suna shiga cikin rumfa a saman rediyo. Cikin rumfar nan fa ba iska, baƙar roba ce a ƙarƙashin ranar watan Afrilu, don haka duk abin da zai rage zafi riba ne. Aibinsu ɗaya, wasu musamman masu arha suna damun tashar FM, ka kunna ka ji tashoshin da kake kamawa da sun koma shuuu, in kai mai jin labarai ne a hanya ka tambaya kafin ka biya. Game da girma, wat 75 zuwa 150 RMS a kowace hanya ya ishi sifikun gaba masu kyau. Mai hanya huɗu ta fi dabara ko da sifika biyu gare ka yanzu, saboda gobe.

To wutar fa daga ina? Wannan ita ce tambayar da ba a yi sai batir ya kwanta. Cajin manyan Harley na zamani wajen amfiya 50 yake bayarwa, shi ma sai injin yana juyawa da kyau, a sulo bai kai haka ba, kuma a ciki fitilu za su ci, famfon mai zai ci, kwamfutar injin za ta ci. Amfilifaya mai wat 400 na gaskiya in ta buɗe wuta gaba ɗaya za ta iya jan wajen amfiya 35. Sa'ar da aka yi ita ce waƙa ba ta jan ƙarshen ƙarfi kowane lokaci, hawa da sauka take yi, shi ya sa amfilifaya ɗaya matsakaiciya ba ta cika kawo matsala ba. Amma ka ɗora biyu, ka ƙara fitilun ado, ka tsaya a majalisa injin a kashe kana yi wa jama'a kiɗa na rabin awa, to ka shirya neman masu turi, kuma turin babur mai kilo kusan 400 ba wasa ba ne. Gold Wing ta fi sauƙi a nan don janaretonta irin na mota ne, ya haura wat 1000. Yawancin waɗanda ke shigowa wajenmu kuma tokumbo ne, ba ka san shekarun batirin ba, ba ka san wahalar da koyil da rektifaya suka sha ba, don haka a sa mita tukunna: injin a kashe batir lafiyayye yana nuna wajen bolt 12.6 zuwa sama, in an tayar an ɗan ja totur ya kamata ya hau wajen 14. In bai hau ba a gyara caji kafin a yi zancen kiɗa.

Jan waya aikin mai rewaya ne, amma ka tsaya a kansa, don wanda ya saba da mota akwai abubuwan da zai yi da kyakkyawar niyya su zame maka matsala. Na farko wayar wuta daga kan batir za ta taso kai tsaye, kada a ɗana ta a wayar fitila ko ta makunni, kuma fiyus ya zauna dab da batir, tazarar kada ta wuce taƙi ɗaya. Fiyus ɗin nan wayar yake karewa, wayar da za ta bi ta ƙarƙashin tankin mai, ka san me hakan ke nufi in ta goge ta taɓa ƙarfe. Na biyu a samu wayar jan ƙarfe zalla mai kauri, lamba 8 ta isa yawancin haɗi, a guji wadda alminiyom ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama, ta fi arha amma ba ta ɗaukar wuta kamar ta gaske kuma tana saurin cin tsatsa in ta sha ruwa. Na uku, wanda ya fi kowanne, negetib. A mota duk inda ka samu ƙarfen bodi ka ɗaure ya wadatar. A babur mai rumfa a jikin kai in ka ɗaure a ƙarfen cikin rumfar to wutar sai ta ratsa ta boris ɗin wuya mai giris kafin ta koma batir, sakamakon shi ne wani kuka wiii da ke hawa yana sauka tare da totur. A ja negetib ɗin ita ma har kan batir, kaurinta ɗaya da ta wutar. A wajen wuya kuma a bar wa wayoyin sarari, a juya kan babur dama har ƙarshe, hagu har ƙarshe, a ga ba inda suka ɗame ko suka matse.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da Harley na 2014 zuwa sama wanda ya sa mutane da yawa suka tsani amfilifayar da ba ta yi musu laifin komai ba. Rediyon ba ya fitar da sauti a miƙe, kamfani ya riga ya murɗa shi daga ciki, ya tura bes sosai ya gyara wasu wurare don ƙananan sifikunsa su yi daɗi. In ka ɗauki wannan murɗaɗɗen sautin ka ba amfilifaya, ita ba ta san komai ba ƙara masa ƙarfi kawai za ta yi, sai ka ji sababbin sifikunka suna buuu suna fashewa tun murya ba ta kai rabi ba. Maganin biyu ne, ko a sa kwamfuta a canja wa rediyon saiti ya san cewa yanzu akwai amfilifaya, ko a saka 'yar na'urar DSP a tsakani ta miƙar da sautin kafin ya shiga. A Amurka dila ne ke yin na farkon cikin 'yan mintuna, wanda kuma babu dila kusa da shi gara tun wajen saye ya zaɓi amfilifaya mai DSP a cikinta ko kit ɗin da aka haɗa don wannan rediyon musamman. Sababbin da suka fito daga 2024 masu allon inci 12.3 kuma tsarinsu daban ne gaba ɗaya, kayan 2014 ba sa hawa kansu haka nan.

Sifikun baya fa, na kan murfin akwatunan gefe, masu 6x9 ko 5x7? Suna da kyau a ido, a tsaye kuma su ne ke cika wuri da sauti har da ɗan bes. A kan gudu dai suna bayanka, iska tana kwashe yawancin abin tana kai wa na bayanka, ga cin wurin kaya, ga ruwa da ke taruwa a kansu tunda sama suke kallo. Ban ce kada a saka ba, amma su zo daga baya. Na ƙasa wajen gwiwa sun fi su amfani ga matuƙi, sai dai a irin su Ultra Limited masu sanyaya kan injin da ruwa lagireto ne a wurin, sarari ya yi kaɗan. Shi kuwa babban bes a cikin akwati na masu zuwa gasa da taro ne, wanda zai yi Abuja zuwa Kano jakar kayansa ta fi masa amfani.

Wani abu da ba na jin ana faɗa: ƙa'idar masana lafiyar ma'aikata ita ce desibel 85 na awa 8, duk ƙarin 3 kuma lokacin ya rabu biyu, a 94 saura awa ɗaya, a 100 minti 15. Iska kaɗai ta riga ta kai ka can, kai kuma kana son waƙa ta hau samanta. Shi ya sa matafiya da yawa suke toshe kunne da 'yar robar nan, abin mamaki kuma da ita waƙar ta fi fitowa don hayaniyar ta lafa. Mai rufaffiyar hular kwano kuwa, gaskiya ƙaramar na'urar cikin hula irin ta Sena ko Cardo za ta ba shi sauti mafi tsabta a kan kuɗin da bai kai na rabin wancan aikin ba, sai dai ba mai jin ta sai shi, wasu kuma dama don a ji su suke yi.

In an gama haɗawa saura saiti, kuma a nan ne ake kashe tiwita, 'yar ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti na sama. Ɗan makunnin gen da ke jikin amfilifaya ba na ƙara murya ba ne, aikinsa daidaita ta da ƙarfin da rediyo ke turowa. A mayar da shi ƙasa, a sa bes da tirebul na rediyo a tsakiya, a kashe abin nan da ke ƙara murya da kansa in gudu ya ƙaru, a kai muryar rediyo wajen kashi uku cikin huɗu da waƙar da ka sani sosai, sannan a riƙa ɗaga gen a hankali har sautin ya fara tsagewa, sai a ɗan dawo baya a bar shi nan. Tsagewar nan ita ke ƙona sifika, ƙaramar amfilifaya da aka matsa mata ta fi babba mai tsabta ɓarna. A kunna matatar da ke tare bes na can ƙasa, a ajiye ta tsakanin 80 da 120 Hz (ma'aunin kauri ko sirantakar sauti), don sifika mai inci 6.5 ba za ta iya fitar da abin da ke ƙasa da haka a fili ba, wahala kawai za ta sha tana cin wutar da ya kamata ta tafi wajen murya. A duba kuma ba a juya wayar sifika ɗaya ba, in ɗaya tana turawa ɗaya tana ja suna cinye junansu, alamar ita ce in ka karkatar da sautin gefe ɗaya ya fi kauri fiye da in yana tsakiya. Kada a ɗaure rumfar duka tukunna, a sa kusoshi kaɗan a fita titi da hular da ka saba sawa a kai gudun da ka saba yi, don saitin da ya yi daɗi a gareji sau da yawa bes ya yi masa yawa a hanya, sai an dawo an ɗan ɗaga lambar matatar an rage gen kaɗan sannan a rufe.